Haƙori Biyu Na Cire, Ashe Zuciya Ce

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena. Da sunan Allah nake buɗe bakin nan nawa mai giɓi biyu, Shi da ya riƙe mini numfashi a lokacin da ni kaina na fara sakinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu.

Hajiya Babba, na gode da kika ba ni fili a zamanmu na Alhamis ɗin nan. Wainar da ke yawo a faranti sadaka ce, ku ci, kafin in gama zan faɗa muku ta wace ce. A'a, ku bar matashin zaman nan, kada ku ce in zauna! Wata nawa na yi ban iya zama wuri ɗaya ba, yau kuma da na samu lafiyar zaman, maganar ce ta hana ni. In na gaji zan zauna da kaina, yanzu an koya mini.

Saboda baƙinmu da jirgin sama ya sauke bana, sunana Zulai, matar Malam mai shibriyya. Gidanmu a da yana can ƙolin dutse a unguwar Tandabawi ta nan Makka, inda daraj ya ƙare, matakalar nan da ba ta tausayin kowa. Mu ba jirgin sama ya kawo mu ba. Da ƙafa muka taso daga ƙasar Kano ina da goyon fari, muka bi ta Fallomi a ƙasar Chadi, muka yi shekaru muna tsinkar auduga a Sudan, sannan muka ƙetaro ruwa. Ba alfahari nake muku ba. So nake ku san irin taurin kan da na zo da shi, don shi ne ya kusa kai ni kushewa.

Ni fa ban yarda ina ciwo ba. Haihuwa shida na yi, ta uku a gindin bishiya a kan hanya, kwana biyu na ɗauki kayana muka ci gaba. Idan mace ta ce kanta yana sara, sai in dube ta sheƙeƙe. Allah ya yafe mini, a raina duk wadda ta kwanta da rana malalaciya ce.

Malam ya yi wajen shekara ashirin yana ɗaukar shibriyya. Kun san ta, gadon katakon nan da maza huɗu suke ɗorawa a ka, su zagaya Ɗakin Allah da tsoho ko marar lafiyar da ƙafarsa ba za ta iya ɗawafi ba. Shekara huɗu da suka wuce, ana tsakiyar aikin hajji, suna ɗauke da wani alhaji mai jiki, a zagaye na biyar Malam ya ce a sauke. Ya durƙusa a gaban jama'a ya dafe ƙirji da hannu biyu.

Da aka kai shi asibiti bai yi dogon bayani ba. Ya ce ji yake kamar an kifa masa turmi a ƙirji an zauna a kai, kuma zafin yana gangarowa ta hannun hagu har ɗan ƙaramin yatsa. Likita bai ko bari ya rufe baki ba. Ya ce jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini ne suka ƙuntace, ciwon ba ya warkewa amma ana zama da shi. Ya ba shi wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi a kwalba, in abin ya taso ya sa ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ya hana shi ɗaukar duk wani abu mai nauyi.

Jama'a, ciwon Malam tun ranar farko ya samu suna! Unguwa ta yi ta hawa daraj ana gaishe shi. Kafin shekara ta zagayo ya zama shi ne malamin ciwon zuciya na Tandabawi. Duk namijin da ya ji wani abu a ƙirji sai ya hau wurinsa, shi kuma ya gyara zama ya tambaya, "Yana sauka a hannun hagu?" In aka ce a'a, sai ya ce, "To ba shi ba ne, je ka jiƙa kanwa."

Ni kuwa na ɗaure ɗamara. Da safe in shiga gidajen mutanen Makka in yi musu daka, alkama da kayan yaji da lalle, taɓarya ba ta sauka sai azahar. Lokacin alhazai in haɗa da wanki. Ruwan gida ma, tunda an hana Malam, ni nake ɗebo shi daga bazan, wurin ɗiban ruwa na ƙasan unguwa, garwa a ka, in hau da ita har ƙoli, sau biyu a yini. Ba wanda ya taɓa jin wayyo a bakina.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Da yawanku kun san Yaya Hanne. Ba uwa ɗaya muke ba, a gonar auduga muka haɗu, jirgin ruwa ɗaya ya ƙetaro da mu, amma ta fi mini 'yar uwa ta jini. Tare muke wanki. A shekararta ta ƙarshe kullum sai ta ce, "Zulai, na gaji, irin gajiyar da barci ba ya ɗaukewa." Wata rana ta ce haɓarta tana mata tsami. Wata rana ta ce tsakanin kafaɗunta kamar an soka tsinke. Kun san abin da na ce mata? Na ce, "Yaya, kin fiye raki. Tsufa ne ya zo, ki karɓe shi hannu biyu."

Wata Talata da hantsi ta zauna a gefen bahon wanki ta jingina da bango, rigar wani alhaji a hannunta. Na yi ta yi mata tsiya ina cewa barcin rana ya kama sarauniya. Da na matsa na taɓa ta, ta riga ta tafi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Aka ce ajali ne, kuma ajalin ne. Amma ba wanda ya ce ga abin da ya yi sanadi, mu ma ba mu tambaya ba.

Ba a rufa shekara ba nawa ya fara. A lokacin na yi shekara biyu da daina ganin al'ada, don haka duk abin da na ji sai in ce girma ne. Da farko gajiya ce, in ɗaga taɓarya sau goma in ji hannuwana sun zama na aro. Sai haki. Sai wani ƙwannafi mai zuwa da tashin zuciya, ko ban ci komai ba. Sai gumi mai sanyi ya keto mini a goshi ana tsakiyar zafin Makka. Sannan babbansu, haɓata ta hagu ta riƙa yin tsami har cikin kunne, bayana kuma tsakanin kafaɗu ya ɗaure.

Ko na tuna da Yaya Hanne? Kullum! Amma da na tuna sai in kore ta daga raina in ƙara wa taɓarya ƙarfi.

Abin da ya fi damuna, wani rashin natsuwa ne da ya shige ni. In zauna, in tashi. In shiga ɗaki in fito ban san abin da na je ɗauka ba. In share tsakar gidan da na gama sharewa yanzun nan. In tayar da sallah, kafin raka'a ta biyu hankalina ya koma bakin bahon wanki. Ji nake kamar an aiko kirana, kuma mai kiran yana kan daraj yana hawowa. Tsoro nake ji, 'yan uwa, tsoro na gaske, kuma ban san na mene ne ba.

Na tafi kasuwa wurin mai cire haƙori. Ya leƙa, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Hajiya, ban ga rami ba." Na ce, "Bakin naka ne ko nawa? Cire!" Ya cire. Kwana goma ina tofar da jini ina murna an rabu da bala'i. Ranar da na koma ɗiban ruwa, tsamin ya dawo daidai inda yake. Bayan wata biyu na koma na ce ya yi kuskure, na kusa da shi ne. Ya cire shi ma. Ku duba, ga giɓin nan! Lafiyayyun haƙora, farare tas, waɗanda suka tauni ƙashi tun daga Kano har Makka, na bayar da su a banza.

Matar wanzami ta kafa mini ƙaho shida a baya. Na sha kanwa, na sha citta, na sha na'ana'a har na tsani ƙamshinta. Wata ta ce iska ce, aka yi mini turare. Duk wadda ta kawo magani na karɓa, amma ko ɗaya ban faɗa wa gaskiyar yadda nake ji ba, don kada a ce Zulai ma ta fara raki.

Da Malam ya ga na rame, ya ce mu je asibiti wurin likitansa, wani dattijo Bamisire mai tabarau. Kun san al'adarmu. Mace ba ta zuwa wurin likita namiji ita kaɗai, in kuma ta je, mijinta ne bakinta. Larabcina na daka ne da cefane, na Malam kuwa gogagge ne, ya yi shekaru yana ciniki da alhazan duniya. Na zauna a bayansa fuska a rufe, ina faɗa masa ƙasa-ƙasa da Hausa, shi yana juyawa.

Na ce ina haki. Ya ce wa likita ta manyanta kuma aiki ya yi mata yawa. Na ce haɓata. Ya ce an cire mata haƙori, wurin ne bai warke ba. Na ce ƙwannafi. Ya ce tana son yaji. Ina jin abin da yake faɗa, ba wai ba na ji ba, amma wa ya taɓa gyara wa mijinsa magana a gaban baƙo?

Likita ya tambaya, "Ƙirji fa?" Gaskiya akwai ɗan abin da nake ji a nan, kamar ɗaurin zani ya yi tsauri, ba zafi ba. Amma in ambaci ƙirjina a gaban namijin da ba muharramina ba? Ina cikin jan baki Malam ya ce, "La, ya duktur, wannan ba zuciya ba ce. Ciwon zuciya ni na san shi." Suka yi dariya tare. Aka ba ni wani farin ruwan magani na ciki, muka fito.

Kada wadda ta zage shi a ranta. Ba mugunta ya yi ba. Abin da jikinsa ya koya masa ya faɗa, kuma ni ma a ranar na yarda da shi. Ni kaina na ɗauka ciwon zuciya na maza ne, don ban taɓa jin an ce mace ta dafe ƙirji ta faɗi ba.

Amma daga ranar Shaiɗan ya samu ƙofa. Na fara jin haushin Malam. In hawo da garwa idona yana ganin duhu, in tarar da shi a inuwa ana masa sannu, sai raina ya ɓaci. Na riƙa dangwarar masa da kwanon abinci. Wata rana ya ce in miƙo masa kwalbarsa, na ce, "Wasu dai ciwonsu na sarauta ne." Ya miƙe da kansa ya ɗauka. Mutumin da ya goya mini yaro a hamada ƙafarsa tana jini, shi na faɗa wa wannan magana. Astagfirullah!

Ranar da abin ya kai maƙura, Laraba ce. Na kasa daka, na bar turmin mutane da rabin alkama na fito. Ban iya komawa gida ba, ban iya tsayawa a titi ba, ƙafata ta ja ni Harami. Na ce bari in yi ɗawafi ko raina zai kwanta. A zagaye na uku haɓar ta kama, bayan ya ɗaure, gumi ya jiƙa mini mayafi. Na tsaya cak mutane suna bangaza ta.

Abokan aikin Malam suna gefe da shibriyya babu kowa a kai. Ɗayansu ya gane ni ya ce, "Matar Malam, lafiya? Zo mu ƙarasa miki." Ni? A ɗauke ni a ka kamar kayan wanki? Na ce, "Ka ga na yi kama da gawa?" Na ja jiki na bar ɗawafin a na uku, na je gindin wani ginshiƙi na zube.

Ana ta aikin faɗaɗa Harami, ƙarar guduma ta ko'ina, tattabaru suna tashi suna sauka. A nan na lura da wani abu da ya ba ni kunya. Shekara talatin ina zuwa wurin nan. Na roƙa wa Malam, na roƙa wa 'ya'yana, na roƙa wa iyayena da na baro a kushewa a Kano. Lafiyar kaina ban taɓa roƙa ba, ko sau ɗaya, don a ganina ita a hannuna take.

Na ɗaga hannu, hannun ma da ƙyar. Na ce, "Ya Rabbi, na gaji. Ga shi na faɗa, Zulai ta gaji! Ban ce lallai ka warkar da ni ba. Ka nuna mini abin da ke cina, in san sunansa. In kuma hanyar Yaya Hanne zan bi, kada ka bar ni in tafi da haƙƙinta da na mijina a wuyana." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da ita.

Ban ga haske ba, ban ji wata murya ba, kada in yi muku ƙarya. Na sha Zamzam, na huta, ciwon ya lafa kamar yadda ya saba, na kama hanyar gida.

Kun san a tsakiyar darajinmu akwai wani faffaɗan dutse, inda Iya Kaltume take zama da farantin gyaɗa. Tsohuwar nan da ta zo ta Chadi tun kafin a haifi wasunku, wadda idonta ɗaya ya mutu. Ina isa wurin abin ya sake kamawa. Na zauna a dutsen na fara gyara ɗaurin kallabi, kamar shi ya tsayar da ni, yadda na saba yi da gammo in ina ɗauke da garwa.

Ta ce, "Zulai, yau babu garwa, babu gammo. Me za ki ce kina gyarawa?"

Na ce, "Iya, gaishe ki na tsaya yi."

Ta ce, "Gaisuwa? Ke da a da kike wuce ni kamar an biyo ki? Bari in faɗa miki, ya binti, idona ɗaya ne amma zaman banza ya koya masa gani. Ke da mijinki kun raba mini dutsen nan. Shi in ya dawo daga masallaci, nan yake tsayawa, ba sama ba, ba ƙasa ba. Ke ma in kin ɗebo ruwa, nan. Shi ya riƙe ƙirji, ke ki riƙe haɓa. Kafin in ƙulla gyaɗa uku ya miƙe. Ke ma kafin in ƙulla uku kin miƙe. In kuna gangarawa kuwa ba wanda ke kallona a cikinku."

Na ce, "Iya, nasa zuciya ce. Nawa haƙori ne."

Ta ce, "To ni ban yi karatu ba. Amma ban taɓa ganin haƙorin da ya san hawa da gangara ba." Ta ci gaba da ƙulla gyaɗarta. Can ta ce, "Hanne ma nan take zama."

Allahu Akbar! 'Yan uwa, ku ji fa! Ko sa'a ɗaya ba a yi ba da na roƙi a nuna mini, ga amsa ta fito daga bakin mai gyaɗa. Na fi shekara ina zama a dutsen nan, ban taɓa haɗa shi da ciwona ba.

Na hau gida a hankali na faɗa wa Malam. Ya ce, "Zulai, zuciya a ƙirji take, ba a haɓa ba." Na ce, "Na ji. Gobe dai ka raka ni." Ya ce likita zai ɗauke mu mutanen banza, an ba mu magani mun dawo da zancen mai gyaɗa. Na ce, "Ko ka raka ni, ko in tafi ni kaɗai unguwa ta gani." Ya dube ni, ya ga ba wasa nake ba.

Washegari da safe muka zauna kamar wancan karon, shi a gaba ni a baya. Likita ya ce me ya faru. Malam ya gyara murya ya fara, "Ya duktur, cikin ne dai har yanzu..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na taɓa gefen rigarsa na ce, "Malam, ka yi haƙuri. Yau ni zan faɗa."

Tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa katse shi a gaban mutane ba. Ya juyo baki buɗe. Ni kuwa na jawo kujera gaba, na tattaro ɗan Larabcina na daka. Na ce, "Ya duktur, aɗla'a daraj, yiji. Ag'ud, yiruh." Wato in na hau matakala ya zo, in na zauna ya tafi. Na nuna haɓa, na nuna baya, na runtse ido na nuna ƙirji ma.

Likitan ya ajiye alƙalami. Ya cire tabarau. Ya tambaye ni, ni, ba Malam ba: yana zuwa in kina daka? Na ce na'am. In kin huta yana ɗaukar lokaci mai tsawo? Na ce la, kaɗan. Da gumi? Na'am. Tun yaushe kika daina al'ada? Wannan da yatsu na amsa masa, kaina a ƙasa.

Ya kira wata ma'aikaciya 'yar Sudan ta shiga da ni bayan labule. Ta ɗaura mini wayoyi a hannu da ƙafa da ƙirji, wani akwati yana fitar da doguwar takarda mai zane. Sannan ta kawo wani ɗan benen katako mai hawa biyu ta ce in yi ta hawa ina sauka. Har na yi dariya. Ni da nake hawa Tandabawi da garwa, wannan ne zai gwada ni? Wallahi ban daɗe ba haɓar ta kama. Ta kwantar da ni da sauri ta sake ɗaura wayoyin.

Likita ya shimfiɗa takardun biyu a tebur ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce wa Malam, "Ya Hajj, ciwonka da na matarka ɗaya ne." Ya ce a wurin maza ya fi zuwa da nauyin ƙirji da hannu, kuma yakan zo musu da wuri. Mata kuwa ya fi samunsu bayan al'ada ta ɗauke, kuma sau da yawa ba ya zuwa da wannan nauyin, sai gajiya da haki da tashin zuciya, ko ciwo a haɓa ko baya. Ya ce, "Mu ma likitoci a maza muka saba ganinsa. Wancan karon laifina ne, ban tambaye ta ba." Ya ce da na ci gaba da garwar nan, wata rana a kan daraj za a tsince ni.

Ku ji ikon Allah! An ce mini ina da ciwon da ba ya warkewa, amma ni sanyi na ji a raina. A karon farko cikin wata da watanni na zauna a kujera ban ji ina son tashi ba.

Muka kamo hanya ni da Malam har muka iso daraj. Muka hau a hankali. Da muka kai dutsen, ya tsaya, na tsaya. Iya Kaltume ta ja farantinta gefe ta ce, "Yau kuma tare? To ku matsa, dutsen ba shi da faɗi."

Muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna haki. Can ya ce, "Zulai, da bakina na ce wa likita ba zuciya ba ce. Shekara guda kina hawa da ruwan da nake sha. Da kin faɗi, ni na kashe ki." Hawaye yana bin gemunsa, a gaban mai gyaɗa. Ya ce, "Ki yafe mini."

Na ce, "Malam, ni ce mai neman yafiya. Maganar sarautar nan da na yi maka." Ya ce ya manta. Bai manta ba, na san shi, amma ya yafe.

Yanzu mun sauko. 'Yarmu da mijinta sun koma ƙoli, mu mun karɓi ɗakinsu a ƙasan daraj. Na ajiye taɓarya, na ajiye garwa. An hana ni kitse da man shanu da gishiri mai yawa, ni da nake cewa miya ba mai ba miya ba ce. Kwalba biyu ce a gidanmu, tasa a aljihu, tawa a ƙulle a bakin mayafi, ga ta. Ciwon yana nan, wani lokaci yakan taɓa ni. Amma na san shi, na san abin da zan yi, kuma tsoron nan marar suna Allah ya ɗauke mini shi.

Ɗawafin da na bari a na uku kuwa, na koma na yi sabo. Kun san a kan me? A kan shibriyya! Na je da ƙafata wurin mutumin da na yi wa rashin kunya na ce ya yafe mini, ya ɗauke ni. Suka ɗora ni a ka, Malam yana tafe a gefe a hankali yana ƙirga mana zagaye. Ina sama ina kallon Ɗakin Allah ina kuka, kuma ban damu da wanda ya gan ni ba.

Wainar da kuka ci ta Yaya Hanne ce. Ban san tabbas abin da ya ɗauke ta ba, ba a auna ta ba, Allah ne masani. Amma na san ta faɗa mini inda ke mata ciwo har sau nawa, na ce raki ne. Na je wurin 'yarta na faɗa mata komai, ta ce ta yafe a madadin uwarta. Ku sa ta a addu'a, ku sa ni.

Ba cewa nake duk ciwon haƙori zuciya ce ba, kada gobe ku cika asibiti ku ce Zulai ta aiko ku. Kuma kada wadda ta ɗauki ƙwayar mijinta ta sa a baki, likita ya ja mini kunne a kan wannan. Abin da nake cewa, in abu yana zuwa miki da hawa ko da aiki, yana tafiya in kin huta, to ki je a duba ki, ko da bai yi kama da na mijinki ba. In kin je, ki buɗe bakinki da kanki, ko Larabcin naki na cefane ne. Kuma in 'yar uwarki ta ce ta gaji, ki ajiye abin da ke hannunki ki saurare ta.

Ku roƙi Allah, 'yan uwa, ku roƙa wa kanku ma, ba ya gajiya da mu. Ni da na yi shekara talatin ina masa girman kai, rana ɗaya na ce na gaji, kafin in kai gida ya amsa mini. Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Godiya ta tabbata gare shi da ya bar ni na tsaya a gabanku yau.

Saura magana ɗaya in zauna, don yanzu kam na gaji. Akwai wata a cikin ɗakin nan da na hanga shekaranjiya a kan dutsen Iya Kaltume, tana gyara gammon da bai karkace ba. Ba zan kama suna ba, ta san kanta. Ranar Asabar da safe zan zauna a ƙasan daraj da mayafina. Ki sauko a hankali, ƙanwata, mu je asibiti tare, ba sauri muke ba. Ba zan tashi ba sai kin zo.

Wassalamu alaikum. Hajiya Babba, a miƙo mini matashin nan.